Tambaya da Amsa: In Gwani Ya Bar Kamfanin Magani, Me Ke Bin Sa?

Wasiƙun wannan fitowar sun fito ne daga masu masana'antun magani da ma'aikatansu. Duk a kan abu guda suke: ƙwararru na tafiya, aiki na tsayawa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye.

Daga wani mai ƙaramin kamfanin magani a Sharaɗa, Kano: Cikin shekara biyu shugaban ɗakin gwaje-gwajena ya tafi Ingila, masu gwaji biyu sun koma wani kamfani a Ota, jihar Ogun. Sau biyu ina ƙara albashi. Me kuma zan yi?

Alhaji, da farko ka raba mutanen nan gida biyu, don ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Wanda ya nufi Ingila ko Kanada ba ka da kuɗin da za ka tsayar da shi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Albashin naira ba zai yi tsere da fam ba. Abin da za ka iya da irin wannan mutumin shi ne ka san da tafiyarsa da wuri. Shirin fita ba ya ɓoyuwa: jarrabawar Turanci, tantance takardu, neman gurbin kwas na shekara guda da Ingila ke buƙata kafin ta yi wa famasis ɗan waje rajista, duk sukan ci wata da watanni. In ma'aikaci ya san ba za a tsangwame shi ba don ya faɗa, zai faɗa, kai kuma ka sami wata shida na shirya magaji. In ya san za a hana shi hutu da alawus daga ranar da aka ji, sai dai ka ga takarda a kan tebur.

Waɗanda suka koma Ota su ne abin dubawa, domin naira suka bari suka koma wa naira. A nan sau da yawa ba yawan albashi ba ne matsalar. Ka duba ranar da albashi ke shiga: ranar 25 ce ko yaushe, ko sai an jira kuɗin dillalai? Ka duba fansho. Dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a kuma yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ma'aikaci na ganin saƙon asusun fanshonsa a waya. In an cire masa kashi 8 bai ga ya shiga ba, ya gama yanke hukunci a kanka ko bai ce uffan ba. Ka duba motar da ke mayar da masu aikin dare gida, da abincin rana, da asibitin iyali.

Sai abin da masu kamfani ba sa son ji. Ƙa'idar sarrafa magani ta GMP, wadda NAFDAC ke bi, ta ce shugaban sashen sarrafawa da shugaban sashen tabbatar da inganci kada ɗaya ya kasance ƙarƙashin ɗaya. Dalili shi ne mai inganci ya iya cewa wannan zubin, wato rukunin maganin da aka sarrafa a lokaci guda, ba zai fita ba. In ya faɗi haka, kai kuma ka ɗaga waya ka ce mota na jira a saki kaya, to ka sa shi ya sa hannu a kan abin da lasisinsa ne zai amsa. Mutumin kirki ba ya daɗewa a irin wannan wuri, wanda zai daɗe kuma ba shi kake so ba.

Akwai kuma matsalar tsani. A yawancin ƙananan kamfanoni hanya ɗaya ce ta ƙarin girma: ka zama manaja. Kujerar manaja guda ce, don haka mai gwaji da ya shekara biyar a kan na'urar HPLC, mai auna sinadaran da ke cikin magani, yana karɓar kusan abin da sabon shiga ke karɓa. Ka yi matakai uku ko huɗu na ƙwarewa da ba su da alaƙa da shugabanci, kowane mataki da sharaɗinsa a rubuce: na ɗaya yana gudanar da gwajin da aka tsara, na biyu yana gano matsalar na'ura ya gyara, na uku yana tabbatar da ingancin sabuwar hanyar gwaji yana kuma horar da wasu. Kowane mataki da ƙarin kuɗinsa. Wannan ya fi ƙarin albashi na bai-ɗaya tasiri, ya kuma fi shi araha.

Game da inda za ka samo mutane, ka daina ɗauko su daga nesa kana mamakin komawarsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri duk suna yaye masu harhaɗa magunguna, ga masu karatun kimiyyar sinadarai da na ƙwayoyin cuta daga kwalejojin fasaha. Ka karɓi ɗaliban SIWES, masu zuwa koyon aiki a masana'antu, da gaske, ka zaɓa daga cikinsu. Wanda iyayensa ke Kurna ko Tudun Wada ya fi wuyar ɗauka zuwa masana'antun Agbara a jihar Ogun.

Daga manajan sarrafawa a wani kamfani a Kaduna: Dattijon da ke kula da injin buga ƙwayoyinmu zai yi ritaya bayan wata shida. Duk lokacin da ya tafi hutu sai ƙwayar farasitamol ta riƙa fashewa daga sama, alhali yaran suna bin rubutaccen tsari sau da ƙafa. Ta yaya za mu ɗebo abin da ke kansa?

Malam, tsarinku ne bai cika ba, yaran ba su da laifi. Abin da dattijon ya sani bai shiga takarda ba saboda shi kansa bai ɗauke shi ilimi ba. Hannunsa ne ke yi. In ka zaunar da shi a ofis ka ce ya rubuta, zai rubuto maka abin da ke cikin SOP ɗin da kuke da shi, wato rubutaccen tsarin aiki. Sai an tsaya kusa da shi a bakin inji ana tambaya.

Ka fara da fahimtar ciwon. Garin farasitamol ba ya son matsi, shi ya sa ya yi suna wajen ɓallewar kai. Abubuwan da ke kawo ta sanannu ne: tsakin, wato garin maganin da aka kwaɓa aka busar kafin bugu, ya bushe fiye da kima, gari mai laushi ya yi yawa a cikinsa, iska ta maƙale a ramin bugu saboda inji na gudu da yawa, sinadarin ɗauri bai isa ba, ko bakin ƙarafan bugu ya cinye. Kusan tabbas dattijon yana gyara ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ba tare da ya faɗa ba. Aikinku ku gano wanne.

Ku haɗa shi da mutum biyu, ba ɗaya ba, don ɗayan ma yana iya tafiya. Ku ƙara da wani daga sashen inganci mai riƙe da takarda. A zubi goma masu zuwa, duk abin da ya taɓa a mayar da shi lamba. In ya damƙi kwaɓin a tafin hannu ya ce ya yi, a duba agogo a rubuta minti nawa, a duba amfiya nawa motar injin kwaɓi ke ja a daidai lokacin, domin nauyin kwaɓin yana bayyana a wutar da mota ke ci. In ya murza tsaki ya ce a sauke daga na'urar busarwa, a ɗebi samfur a sa a ma'aunin danshi. Yawancin tsaki yana son danshi tsakanin kashi 1 da kashi 3 cikin 100, amma kowane magani da nasa, kuma tazarar da ke cikin takardarku na iya yin faɗi: mai yiwuwa takarda ta yarda da kashi 1 zuwa 3, shi kuma dattijon bai taɓa barin ya sauka ƙasa da 2 ba. In ya juya ƙarfen matsin farko ko ya rage gudun inji, a rubuta daga nawa zuwa nawa, a kuma tambaye shi me ya gani ko me ya ji. Sau da yawa amsar ita ce sautin inji ya canja.

Kada ku manta da yanayi. A Kaduna da Kano danshin iska a hunturu yana faɗuwa ƙasa sosai, a watan Agusta kuma ya cika. In na'urar daidaita iskar ɗakin ba ta riƙe danshi a wuri guda, tsakin da ya kwana a ganga cikin Janairu zai ƙara bushewa ya fashe, na Agusta kuma ya jiƙa ya manne wa ƙarfe. Wata shida ba za su ba ku yanayi biyun duka ba, saboda haka ku ciro takardun zubi na shekara biyu ko uku da suka wuce, ku jera su wata-wata, ku zauna da shi a kansu.

Ku sa ido musamman a kan magnisiyam sitiyaret, sinadarin da ke hana ƙwaya manne wa ƙarfe. Kaɗan ake sawa, kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, a gauraya minti uku zuwa biyar. Sabon ma'aikaci yana ganin ƙarin gaurayawa alheri ne, ya bar shi minti goma sha biyar. Sinadarin ba ya shan ruwa, sai ya lulluɓe tsakin, ƙwaya ta yi laushi, ta kuma ƙi narkewa a kan lokaci. Ƙwaya marar shafe ya kamata ta wargaje cikin minti 15, abin da ke zubewa daga jikinta a gwajin gogayya kada ya wuce kashi 1 cikin 100.

Ga wani abu da za ku iya cin karo da shi, kuma gara ku shirya masa. Wata dabarar dattijon na iya zama saɓa wa tsarin da aka yi wa rajista, misali yana yayyafa ɗan ruwa a tsakin da ya bushe, ko yana ƙara sinadarin ɗauri da ido. Kada ku hukunta shi, in kun yi haka bakinsa ya rufu ke nan. Kada kuma ku kwafe dabarar cikin SOP kai-tsaye. Ta bi ta hanyar sauya tsari a sashen inganci, a gwada ta a zubi uku a jere, in ta taɓa adadin sinadarai ko hanyar sarrafawa da aka miƙa wa NAFDAC a nemi amincewarta.

Wata biyun ƙarshe a juya aikin: yaran su riƙe inji, shi ya tsaya baya ya harɗe hannu. Ku ɗauki bidiyon ɗaura ƙarafan bugu da kwance su, ku ajiye a kwamfutar kamfani. Bayan ritaya ku ba shi kwantiragin shekara guda, kwana biyu a wata, da kuɗin da zai ji an girmama shi. Dattijon da yake jin ana so a tatse shi a yar ba zai ba da komai ba, kuma yana da gaskiya.

Daga wata jami'ar kula da ma'aikata a Ilori: Muna so mu tura mutum biyu horo Indiya. Za mu iya ɗaure su da yarjejeniyar shekara biyar?

Hajiya, za ku iya rubutawa, amma shekara biyar a kan horon wata biyu ko uku ba ta da kyan gani, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke sauraron irin wannan shari'a, tana duba ko sharaɗin ya dace da abin da aka kashe. Ku rubuta ainihin kuɗin: jirgi, masauki, kuɗin kwas. Ku sa wa'adin shekara ɗaya zuwa biyu, bashin yana raguwa kowane wata, yadda wanda ya tafi a rabin wa'adi zai biya rabi. A sa hannu kafin tafiya. Kada ku riƙe takardun shaidar karatun kowa na asali. Wannan ɗabi'a tana yawo a bakin ma'aikata, tana kuma korar waɗanda kuke nema tun kafin su zo.

Abin da ya fi yarjejeniyar amfani shi ne sharaɗin cewa cikin kwana 30 da dawowa kowannensu zai horar da mutum biyu, ya kuma sabunta rubutaccen tsarin aikin da horon ya shafa. In kuna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin shekara ga asusun horar da ma'aikata na ITF, ku nemi amincewarsu kafin horon, domin ana iya mayar muku da har rabin abin da kuka zuba. Kamfanoni da yawa suna biya ba sa nema.

Daga wani darakta a Kano: Shugabar sashen ingancinmu ta ba da notis na wata ɗaya. Me ya kamata mu karɓa daga hannunta kafin ta tafi?

Ranka ya daɗe, wata ɗaya kwana ashirin da ɗan wani abu ne na aiki, saboda haka a cire ta daga aikin yau da kullum tun makon farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar ta tana sa hannu a kan zubi har ranar ƙarshe, sannan a karɓi mukullai da yamma.

A fara da abin da doka ta rataya a wuyan mutum. In ita ce famasis mai kula da kamfanin, lasisin harabar da Hukumar PCN, mai kula da masu harhaɗa magunguna, ta bayar da sunanta yake tafiya. Dole a sanar da hukumar a kuma gabatar da wanda zai maye gurbinta. Haka NAFDAC tana son sanin canjin manyan jami'an sarrafawa da na inganci. A duba kuma adireshin imel da lambar wayar da aka buɗe shafin rajistar kayayyakinku da su. In nata ne na kanta, saƙon sabunta rajista, wadda ke ƙarewa bayan shekara biyar, zai riƙa zuwa wurin wadda ba ta tare da ku.

Sai gwajin daɗewar magani, wanda shi ne ya fi saurin salwanta shiru. Samfuran da ke cikin akwatin zafi digiri 30 da danshi kashi 75 ana ciro su a wata na 3, 6, 9, 12, 18, 24 da 36. Na gaggawa, a zafi digiri 40 da danshi kashi 75, a wata na 3 da na 6. In jadawalin a kanta yake ko a littafinta, za a tsallake wata na 18 ba wanda ya lura, sai ranar da mai duba ya buɗe fayil. Ranar da ta wuce kuwa ba a dawo da ita. A fitar da jadawalin gaba ɗaya a manna, kowane kwanan wata da sunan mai alhaki.

A zauna da ita a kan duk binciken da bai rufu ba: sakamakon da ya fita daga iyaka, ƙorafin kasuwa, gyare-gyaren da aka yi wa masu duba alkawari a ziyararsu ta ƙarshe. A karɓi jerin sinadaran ma'auni da ranar ƙarewarsu da inda ake sayo su, domin wasu sukan ɗauki watanni kafin su iso. A karɓi ranakun daidaita ma'aunai da sunan injiniyan da ke zuwa. Asusunta na kwamfutar HPLC a rufe shi ranar tafiyarta, a buɗe wa magaji nasa. Ci gaba da aiki da sunan wanda ya tafi yana rusa amincin duk sakamakon da aka fitar bayansa.

Tambaya mafi muhimmanci da za a yi mata ita ce: wane mai kawo kaya ne ba ki yarda da takardarsa ba, kuma me ya sa? Wannan ba a rubuta shi a ko'ina. Masu yin maganin ruwa su fi kowa kula. A 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya saboda gubar dayetilin gilaikol da ta shiga a madadin furofilin gilaikol, sinadarin da ake narkar da magani a ciki, a 2022 kuma irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Iyakar da aka yarda da ita kashi 0.10 cikin 100 ce, kuma takardar mai sayarwa ba ta isa shaida ba, sai an gwada kowace ganga. In mutum ɗaya ne a kamfaninku ya iya wannan gwajin, ko shi kaɗai ya san ɗakin gwajin waje da ake kai wa, to a nan za a kashe makon farko.

Daga wani mai kamfani a Zariya: Tun da kamfanonin magani na ƙasashen waje GSK da Sanofi suka daina harka kai-tsaye a Najeriya, na ji tsofaffin ma'aikatansu na neman aiki. In ɗauko su?

GSK ta sanar da matakinta a Agustan 2023, Sanofi a Nuwamban shekarar, duka suka koma sayarwa ta hannun wasu kamfanoni. Amma Alhaji ka tantance abin da kake saye. Da yawa daga cikin ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni 'yan talla ne da masu hulɗa da hukumomi da masu bibiyar illar magani. Ba lalle su taɓa tsayawa a bakin inji ba. In rajista da tsarin takardu ne rauninka, za su amfane ka ƙwarai. In burinka irin abin da Swiss Pharma ta Legas ta samu ne a 2023, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar zinc ɗinta, to wanda ya taɓa tsayawa gaban masu duba na hukumar kake buƙata. Ka ɗauke shi da sharaɗi a rubuce cewa cikin shekara biyu zai fitar da mataimaka biyu daga cikin yaranka. Ka kuma shirya wa gunaguni, domin ranar da tsofaffin ma'aikatanka suka ji albashinsa za su zo ofishinka.

Daga wata manaja a Jos: Mai gwajinmu mafi ƙwarewa ya kawo takardar tayin aiki daga wani kamfani. In biya shi abin da suka yi masa tayi?

In tafiyarsa za ta tsayar da ɗakin gwaji, ki biya, amma ki san lokaci kika saya. Sauran ma'aikata kuma sun koyi cewa takardar waje ce ke kawo ƙari. Saboda haka a watan da kika yi masa ƙarin, ki gyara albashin duk waɗanda ke matakinsa, ko da ba daidai da nasa ba.

Sannan ki zana jadawali a takarda guda: sunayen ma'aikata a gefe, ayyuka a sama, wato HPLC, gwajin narkewa, gwajin ƙwayoyin cuta, gwajin ruwa, daidaita ma'auni. A kowane gida ki sa 0 ga wanda bai iya ba, 1 ga mai yi da sa ido, 2 ga mai yi shi kaɗai, 3 ga mai koyarwa. Duk aikin da mutum ɗaya ne kawai ke da 2 ko 3 a ƙarƙashinsa, nan ne za ki fara. Kada a ba kowa 2 da baki: a ba shi samfurin da aka riga aka san sakamakonsa ba tare da an faɗa masa ba, ya gwada sau uku, sinadarin ma'auni da aka ɗura wa na'ura sau shida ya fito da bambancin da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Sabon mai digiri yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya kai nan a kan HPLC, don haka ki sa mutum biyu a bayan gwanin naki tun wannan makon, ki kuma sa horar da su cikin sharuɗɗan ƙarin da za ki yi masa. A sake duba jadawalin duk bayan wata uku.